Hannun da Ya Zana Kasuwarmu

Zuwa ga ƙanena Sanusi,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da mutanen gida. Buɗaɗɗiyar wasiƙa na rubuto maka, inda kowa zai gani, tunda shekara uku ke nan ba ka ɗaga wayata.

Ka tuna littafin nan da ka tsinta a unguwar Hindawiyya, nan ƙasar da muka zo ci-rani, ranar da aka sa mu kwashe kayan tsohon nan ɗan tsibirin Jawa? Zanen kasuwannin ƙasar Holan ne a ciki: fili, rijiya, mata da kwandunan kifi, kare yana bin mahauci. Mutanen ƙanana kamar ƙwayar gero, babu mai fuska. Ka ce, "Yaya, waɗannan gini suka iya, ba su iya mutane ba."

Sai ka zauna bakin kasuwar 'yan ƙasarmu ka zana taka, ka ba kowa fuskarsa. Ga Ɗanjuma mai tsire, ga matarsa Ladi tana suyar ƙosai, har tsagen kumatunta. Sunaye ma ka rubuta a ƙasa.

Ba a jima ba aka zo kamen marasa iƙama, wato takardar izinin zama. Washegari da hantsi aka ce kai ka kai wa hukuma zanen fuskokin mutane. Ɗanjuma ne ya fara dukanka, da sandar rumfa. 'Yan kasuwa suka kayar da kai cikin kwata, suka ɗora hannun damanka a kan dakali suka taka, har na ji ƙarar ƙashi. Bakinka cike da jini kana kiran sunana. Ina bayan motar ruwa, Sanusi. Iƙamata ta mutu, ban fito ba. Da hannu a ɗaure aka mayar da kai gida.

Ba zan ce su shaiɗanu ba ne; an tafi da Ladi, da goyo a bayanta. Amma takardar zanen tana ƙarƙashin katifata tun ranar da ka gama ta. Magana ɗaya ce za ta wanke ka, na haɗiye.

Bara aka rushe kasuwar. Jiya Ɗanjuma ya biyo ni unguwar Ka'akiyya, inda nake yanzu, ya durƙusa, wai Ladi ta rasu a gida, ba shi da hotonta ko ɗaya, ko zanen nan naka yana wurina. Wallahi tukunyar gas na kalla, na so in fasa masa kai. Na dai ce takardar ba tawa ba ce.

Taka ce. In nuna masa ko in ƙona, abin da ka ce shi zan yi.

Allah Ya jiƙan Ladi, Ya ba hannunka lafiya, Ya sa ka iya yafe mini kafin ƙasa ta rufe idon ɗayanmu.

Yayanka da ya ɓuya,
Hamisu