Gurbi Biyu a Takarda

Assalamu alaikum Yaya,

Ki gafarce ni da na dame ki, ga ciwon ƙafa ga hidimar jikoki. Da ina da wanda zan tambaya bayan ke, da ban ɗaga miki hankali ba.

Takwararki ta ci jarrabawa, makarantu biyu sun kira ta. Ɗaya ta horon malamai ce, nan bayan tashar mota. In na riƙa karɓar gugar maƙwabta bayan na tashi daga ta asibiti, zan iya biya. Ɗayar ta haɗa magunguna ce, tafiyar yini guda, kuma ita take so. Kuɗinta ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba, sai dai suna ɗauke wa marayu komai, har ɗaki da abinci.

A takardar tallafin gurbi biyu ne: uba yana raye, uba ya rasu. Babu gurbin wanda ya tafi neman aiki shekara tara, ko gaisuwa. Magatakardan da ke karɓar takardun ya ce, "Mama, ki sa ya rasu mana, wa zai tono?" Na ce zan yi shawara.

Yaya, ko kin ji labarin ƙanenki, uban yarinyar nan?

Ina gaida yara. Taki, uwar takwararki.

*

Wa alaikumus salam.

Ke dai da tsoron Allah kamar ke kika fara shi! Alƙalami aka ba ki, ba wuƙa ba. Ki sa ya rasu, yarinya ta tafi karatunta. In da zunubi, a wuyana.

Ƙafa da sauƙi. Ki ce wa takwara ta zo ta haɗa min magani kafin in mutu.

Yayarki.

*

Yaya, bayan gaisuwa da girmamawa,

Kin san babu mai ɗaukar wa wani nauyinsa ranar gobe ƙiyama. Mutumin da nake roƙa wa dawowa lafiya bayan kowace salla, ta yaya zan kashe shi da hannuna?

Na ce wa yarinyar ta haƙura da ta kusa. Ba ta yi musu ba, ta ce "To, Inna." Tun ranar, in za ta ci abinci sai ta juya wa bango fuska. Ɗakin nan kin san girmansa, amma sai in ji kamar daga ƙetaren titi nake yi mata magana.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Da na ce mata ta haƙura, sanyi na ji a raina. Shi ne yake ba ni tsoro. Ban sani ba ko Allah nake jin tsoro, ko dawowa daga aiki in tarar da ƙofa a kulle, ni zan buɗe, ni zan amsa wa kaina sallama.

Alhamis ta sama za a rufe karɓar takardu. Ba ki amsa tambayata ba, Yaya.

Taki.

*

Ƙanwata,

Ba ƙarya na ce ki rubuta ba. Ya rasu, bana shekara uku. Ciwon ƙirji ne, a garin da yake dako. Abokin aikinsa ya kawo min labari da takardar asibiti, ga ta nan na haɗo. Na ce bari takwara ta gama jarrabawa tukun in faɗa, sai wata jarrabawar ta zo, har bakina ya yi nauyi. Ki zage ni, na cancanta.

Yayarki.

*

Yaya,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Babu zagi tsakanina da ke.

Na cike gurbin da hannuna, na kai ranar Laraba. Sun karɓe ta, ƙarshen wata za ta tafi. Ta yi kukan ubanta, ta kuma ce ba za ta bar ni ni kaɗai ba. Na ce kul, kada in sake ji.

Na tambayi malamin da ke koyar da mu a kan takaba. Ya ce tun ranar rasuwa ake lissafi, tawa ta wuce tuni. Ashe har wannan ma ban samu na yi masa ba, ina can ina gugar zannuwan asibiti.

Abu ɗaya nake so in sani: da wani a kusa da shi da ya laƙƙana masa kalmar shahada? In ba ki sani ba, ki ba ni adireshin abokin aikin nasa. Don Allah ki amsa min da wuri.

Taki.