Tauraron da Ya Ƙi Haske

Zango, Wagadugu

Maigidana abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya sanyin Faransa, ya karatu? Inna tana gaishe ka. Na koma ɗakinta goyon ciki, ƙafafuna sun kumbura, amma lafiya lau.

Na rubuto ne saboda a waya kullum sauri kake. Na yi wa Inna bayanin aikinka yadda ka koya mini: taurari biyu, babban yana fesar da iska, ƙaramin yana zagaya shi yana haɗiya. Iskar ba sumul take ba, gudaji-gudaji ce kamar kunun da bai damu ba. In ƙaramin ya ci karo da gudaji sai ya ɓalle da haske, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. In ya faɗa inda babu komai sai ya dushe. Inna ta ce to a tace kunun mana.

Ka ce farfesanka ba zai sake ka ba sai na'urar hangen taurari da ke sama ta kama hasken. A littattafan da nake karantawa, mai tafiya yana dawowa a babin da ya dace. Ina jiranka.

Taka har kullum,
Su'ada

Maigidana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka. Na ji an ba ku na'urar, tauraron kuma ya yi shiru har lokacinku ya ƙare. Na kasa cin abinci ranar.

Baffa Wada, ƙanen mahaifinka, ya zo daga unguwar Dapoya. Ya ce in ba ka nan shi zai yi wa jaririn huɗuba, kuma in mace ce sunan mahaifiyarsa zai sa, Zulai. Na so in gaya masa mun zaɓi Hadiyya, amma na fasa. Ka san ba a musu da shi.

Da zan iya tura wa ƙaramin tauraron nan gudaji da hannuna, da na tura. Ban ma san wane gefen sama zan duba ba.

Matarka,
Su'ada

Baban yarinya,

Ina gaishe ka, ya gajiyar aiki? Barka da arziki, na ji tauraron ya haska ana gobe za ka taso, dole ka zauna. Na yi maka murna, wallahi na yi, ko da yake da kuka na yi ta.

An yi suna jiya. Baffa ya raɗa mata Zulai, an yanka rago, ’yan uwa sun zo har daga unguwar Gunghin. Goshinka ta ɗauko.

Da mutane suka watse, na sa bakina a kunnenta na ce Hadiyya. Ba ta motsa ba, barci take. Zan ci gaba da faɗa mata a hankali har ka zo ka faɗa da ƙarfi.

Ka huta lafiya.
Maman Zulai,
Su'ada