Tun da ta shiga ƙungiyar Uwani jikata ke tsallake sallah

Malama Khadija, ki taimaka mani, abin ga ya hana ni zama wuri guda. Ni ban yi boko ba, ban kuma yi nadama ba. Maniru tela na kasuwar Bodinga shi ka karanta muna filin ga naki in mun taru rumfarshi, shi ne kuma ka rubuta wagga takarda. Na ce mashi abin da na faɗi shi za ya sa, kar ya gyara mani baki.

Magana ce kan jikata Fiddausi, ɗiyar ɗana Yahaya, Allah ya jiƙan shi. Uwarta Halimatu ta yi wani aure a Mandera, wajen Shagari, yarinyar kuwa hannuna take tun anka yaye ta. Mai ɗakina ta rasu bara waccan. Ni maza na haifa, waɗanda sunka rage sun bi duniya neman abinci. Gidan ga daga ni sai ita. In ina lambun albasa a fadama ita ka kawo mani fura, ta tsaya tana tsokanata wai tsohon mijinta kunne ya mutu, gwiwa ta mutu, sai baki. Yarinya ce ƙarama, bana ta shiga sha uku.

To akwai wata Uwani nan Danchadi, ma'aikaciyar asibiti. Ita da wasu mata sun haɗa ƙungiya, suna tara 'yan mata gidanta ran Alhamis da la'asar, wai marayu da ɗiyan marasa ƙarfi, ana koya musu karatu da ɗinki da haɗa sabulu. Ranar da taz zo ɗaukar Fiddausi ina zaune zaure. Ina wuni Baba kawai tac ce, ta wuce ciki abinta. Ba ta zauna ba, ba ta tambaye ni ba. Kuma wa yac ce mata jikata marainiya ce, ina raye? Ta taɓa kwana da yunwa? Ban yi mamaki ba dai. Ubanta Sulaimanu ne ya matsa mani iyakar fadama shekarar ambaliya, har ya mutu bai maido ba.

Na ƙyale, don yarinyar na so. Sai na fara ganin abin da ban gane ba. In na tashe ta sallar asuba, wata rana ta ɗauki buta ta zagaya, ta dawo fuska busasshiya. A yi kwanaki ban ga goshinta ƙasa ba, sannan ta koma sallah kamar ba abin da ya faru. In tambaye ta, ta sunkuyar da kai. Yarinyar da ni na koya mata Fatiha da bakina.

Cikin azumin bana na dawo daga lambu rana tsaka, gwiwa ta matsa mani, na iske ta bayan rumbu da moɗa a baki. Ban buge ta ba, ban taɓa bugunta ba. Amma na faɗa mata magana mai zafi. Na ɗauki sandata na tafi gidan Uwani, gaban 'yan matan duka nic ce kafirci suke koya wa ɗiyan mutane. Abin da tac ce kawai wai in sassauta murya, maganar mata ce, za ta aiko mani dattijuwa. Ni da gidana da jinina a ce mani maganar mata? Da dattijuwar taz zo ban bari ta shimfiɗa zanenta ba. A masallaci ma na faɗa wa mutane su kula da ɗiyansu.

Akwai kuma wani ƙulli da na tarar ƙarƙashin tabarmarta, ƙyallaye ɗinkakku da maɓalli, su ba hula ba, su ba jaka ba. Na kawo wa Maniru ya duba tunda sana'arshi ce. Ya buɗe, ya naɗe da sauri, ya tura ƙarƙashin keken ɗinki, yac ce in rubuto maki. Har yanzu da yake rubutu ya ƙi kallona.

Na hana ta zuwa ƙungiyar. Tun ranar ba tsokana, ba dariya. Ta aje mani kwano ta juya. Yanzu Halimatu ta aiko wai da an yanke gero za ta zo ta tafi da ita, mai gari kuma yac ce in yarinyar tac ce za ta bi uwarta shi ba ya hanawa. Gero ya riga ya fid da kai. Ina lambu ina tunani, ina gida ina tunani.

In kai ƙarar ƙungiyar wurin hakimi? Yaya zan yi kar a ɗauke mani yarinya? Amma kar ki ce in ba ɗiyar Sulaimanu haƙuri, don ba ni badawa.

Tsoho mai lambu

*

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Na canza sunayen mutane da na gari kafin a buga, yanzu za ka ga dalili.

Babu wanda ya ɓata maka jika. Girma ta yi, ta fara al'ada. A waɗannan kwanakin addini ne ya ɗauke mata sallah da azumi, daga baya ta rama azumin. Ruwan da ta sha halal ne, ta kuma ɓuya bayan rumbu ne saboda girmanka. Ƙyallayen nan ƙunzugu ne, wanda ake wankewa a sake amfani da shi. Ka san duk wannan a kan manyan mata, ita ce dai har yanzu kake gani 'yar yaye. Yarinya ba ta iya faɗa wa kakanta wannan magana, Uwani ba ta iya faɗa maka gaban yara, wadda aka aiko ta faɗa maka kuma ka kore ta.

Kana da gaskiyarka. Ya kamata Uwani ta zauna a zaurenka ta nemi izini tun farko, kuma kalmar marainiya tana da ciwo ga wanda ya yi renon. Amma ka duba: abin ya zo wa Fiddausi babu mace a gidan. Da ba ta sami waɗannan matan ba, da ita kaɗai za ta sha tsoronta. Rigimar iyaka kuwa tsakaninka da mamaci ce, kada yarinya ta biya.

Ka manta da zancen hakimi. Ƙullin nan, ka sa Maniru ya ba matarsa ta mayar wa Fiddausi a asirce, kai kuma kada ka taɓa tayar mata da maganar. Da asuba ka ƙwanƙwasa sau ɗaya ka wuce masallaci. Ka sayo mata zane da sabulu, ka ce mata maganar da ka faɗa ba daidai ba ce, ta yi haƙuri. Ba sai ka yi bayani ba, za ta gane. Ranar Alhamis kai da bakinka ka ce ta tafi.

Ba zan ce ka je ƙofar Uwani ba, tunda ka ce ba ka ba ta haƙuri. Amma a masallacin da ka tsaya ka gargaɗi mutane a kansu, nan za ka tsaya ka ce ka bincika ba ka ga ɓarna ba. Wataƙila akwai iyayen da suka janye 'ya'yansu saboda bakinka. Ka kuma aika a gai da dattijuwar nan.

Halimatu uwa ce, kada ka ja da ita. Ka riga ta aikawa, ka ce Fiddausi za ta zo mata hutu bayan kaka. Ba zan yi maka alkawarin yarinyar za ta zaɓi zama ba. Abin da na sani, yanzu tana bukatar mata kusa da ita. In ka rufe mata su a Danchadi, za ta neme su a Mandera.

Kada ka jira a yanke gero, ka fara yau. Allah ya sanyaya zuciyarka, ya raya Fiddausi, ya ba ka tsawon rai ka ga alherinta.

Malama Khadija