Allon da na sa aka yi wa Autan Hajiya

Daga admin: wani ɗan'uwa ne daga Guangzhou ya turo, ya ce a sakaya sunansa. A yi masa adalci a kwamen.

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku bari in kai aya kafin ku fara zagi, na san zagin yana nan tafe, kuma na ci a yi min shi.

Ni tsohon malamin sakandare ne daga Kano, alli ya kasa riƙe gida na tattaro na taho Guangzhou, yanzu aikin ejan nake yi. Ɗan kasuwa zai turo min hoton kaya daga Kwari, in nemo masa inda ake yin su, in tsaya a yi, in loda masa a kwantena. Abin da aka san ni da shi tun daga kasuwar Canaan har unguwar Dengfeng shi ne ba na sayen abu a kanti. Aƙidata ita ce duk abin da ka gani a shago mai gilashi a Tianhe yana da ƙofar bayan da ya fito, kuma wanda ya san ƙofar baya ba ya biyan kuɗin tambari. Wannan darasin na koyar da shi a Canaan fiye da yadda na koyar da nahawu a aji, kuma a nan ne kaɗai ɗalibaina suka taɓa tafa min.

Matata tana da ƙane, mu kira shi Nura, shi ne autan gidansu, yana digiri na biyu a wata jami'a a Tianhe. Kun san tsakanin mijin ya da ƙanin mata, wasa ne. Ni ina ce masa ɗan boko mai biyan kuɗin tambari, shi kuma yana ce min Farfesan Kofi, wato gwanin kayan jabu. To Nura ya ɗauko wani wasa da ni dai ban ga dalilinsa ba, zamiya a kan dusar ƙanƙara da wani allo da ake ɗaure ƙafa biyu a kai, sinobod suke ce masa. Wani zai ce ina ƙanƙara a Guangzhou, garin da zufa take yi maka wanka kafin ka isa metro. Akwai wani ƙaton gini a can Huadu da suka cika shi da ƙanƙara, ni firiji nake kiransa, mutum ya biya kuɗi a saka shi a ciki kamar kifi. A nan ya koya da allon haya, kuma masu sanin abin sun ce ya iya. Bana abokansa 'yan Chaina suka gayyace shi su tafi Altay, can arewa maso yamma, kan duwatsu na gaske, inda suka ce ƙanƙarar laushi gare ta kamar garin tuwo, mutum zai iya nutsewa har ƙugu, gangaren kuma idan ka tsaya a sama ba ka ganin ƙasansa.

Surukata Hajiya, tana Kano, ta ce ba da yawunta ba. Ta ce ita karatu ta tura shi, ba ta tura shi ya je ya faɗo daga dutse ba. Nura ya zo ya same ni, ranar babu Farfesan Kofi, Yaya ya kira ni, ya ce in sa baki don Hajiya tana jin maganata. Na kira ta, na durƙusa duk da a waya ne, na yi mata bayani irin na malaman makaranta, cewa a irin wannan wasa kayan aiki ne suke kare mutum bayan kariyar Allah, kuma ni da kaina zan zaɓa masa allon, in ba shi kyauta. Sai ta ce, “To Malam, tunda kai ka ce. Amana ce na ba ka.” Ku riƙe wannan kalma, ita ce ta hana ni cin abinci.

Gaskiya da farko na yi abin kirki. Na je wani shagon kayan ƙanƙara a Tianhe na zauna kamar ɗan aji ɗaya, wata yarinya mai jin Turanci ta karantar da ni, na yi tambayoyi har ta kawo min shayi. Ta ce allon da ake hawa a firiji daban, na ƙanƙara mai zurfi daban. Na zurfi hancinsa dogo ne mai faɗi, ya ɗaga sama, don ya riƙa yawo a kai kamar kwalekwale maimakon ya soke ciki, wutsiyarsa gajera ce, wani ma a tsage take kamar ta tsattsewa, kuma wurin ɗaure ƙafa ana ja da shi baya don nauyin mutum ya danne wutsiya hanci ya tashi. Amma tunda akwai gangare mai tsini, ta ce kada a ɗauki mai laushi da yawa, sai mai tauri, wanda ƙarfen gefensa zai ciji ƙanƙara idan ta daskare, don a can wannan ƙarfen shi ne birki. Ta tambayi tsayinsa da nauyinsa da girman takalminsa, ta ciro guda ɗaya ta ce wannan ne nasa. Na ɗauke shi hoto gaba da baya, na auna shi da tef ɗin da ba ya barin aljihuna, na tambayi kuɗi, ta faɗa. Ba wai ba ni da su ba ne, ina da su. Hannuna ne kawai ya ƙi. Na ce mata shiye-shiye, na gode, na fito ina murmushin wanda ya san ƙofar baya.

Masana'antun da na sani na takalma da jaka duk suka ce meyo, babu. Sai wani abokina ɗan zangon Kumasi da ke loda gumakan rataye kaya na shaguna ya ce laoban ɗinsa, wato mai masana'antar da yake saye a Foshan, babu abin da ba ya yi in dai ka nuna masa hoto. Na je. A nan ne nake jin kunya ta fi kama ni, domin ina shiga na ga abin da ake yi a wurin. Na ga kek na roba, na ga kifi na roba, na ga kanta guda cike da littattafai masu bangon zinariya, na ciro ɗaya don halin malanta, ashe kwali ne, babu shafi ko ɗaya a ciki. Har dariya na yi na ce na san mutane irin wannan. Mutumin da ya yi shekaru yana koya wa yara fitar da jigo daga labari, ya tsaya a tsakiyar wannan ɗaki bai gane me ake gaya masa ba. Na nuna wa laoban hoto da awo, ya ce iyang-iyang, wato daidai wa daida. Bai tambaye ni me za a yi da shi ba, don shi duk abin da yake yi na kallo ne, ni kuma ban tambaye shi me zai zuba a ciki ba, don a sana'ata in dai ido bai bambance ba, an gama. Na ma ƙara da gwaninta, na sa aka zana Dutsen Dala a jiki, aka rubuta Autan Hajiya a can kan hancin, inda ƙafa ba ta takawa.

Allon ya fito, wallahi ya fi na shagon kyau. Maimakon in ba shi a ɗaki, sai na haɗa 'yar walima a wani gidan abinci a Dengfeng, na tara abokai, aka ci tuwo, aka shigo da shi a leda. Nura ya ga rubutun ya washe baki. Aka kira Hajiya a bidiyo ta gani, ta sa min albarka har waya ta yi zafi. Da Nura ya ɗaga allon ya ce, “Yaya, kamar ya ɗan yi nauyi.” Ni kuma ba tare da na ƙifta ido ba na ce, “Ai haka orijina yake, ka saba da na haya ne.” Wannan amsar na ba wa kwastomomi ita a kan takalmi, a kan jaka, a kan blanda, ta fito da kanta. Ya ce yau Farfesan Kofi ya yi ritaya, aka kwashe da dariya, har da ni. Ya ce ba zai cire ledar ba, ba zai ɓata shi a firiji ba, sai a kan dutse na gaske zai fara taka shi, kuma tunda hostel ɗinsu babu wuri, in ajiye masa a gidana. Yanzu haka yana jingine a falo, duk inda na juya Autan Hajiya yana kallona.

Shekaranjiya laoban ya turo min saƙo, wai in turo masa hoton bangon da na kafa allon, yana so ya nuna wa wasu masu gidan shayi. Na ce ba bango ba ne, hawa za a yi. Nan take ya kira, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, yana ta bu shing, bu shing, ba zai yiwu ba, na kallo ne ba na wasa ba. Ya ce cikinsa katakon da ake yin kabad ne, gefen da nake gani yana ƙyalli sililin gwangwani ne aka manna da gam, ramukan da za a ɗaure ƙafa kuwa ya ce za su riƙe allon a bango har jikokina, amma ba za su riƙe mutum ba. Na tambaye shi ko sau ɗaya ma ba za a iya hawa ba, ya ce ko ɗansa ne zai hau sai ya karya allon da hannunsa. Na koma shagon Tianhe da kai a ƙasa, na tambayi yarinyar nan me ke faruwa idan ƙafa ta rabu da allo a tsakiyar gangare, ban gaya mata dalilin tambayar ba, ta kalle ni ta ce wannan ba tambayar da ake son sanin amsarta ba ce. Na ce ta ajiye min wancan na gaskiyar, yana nan a ajiye.

Na gwada hanyoyin matsorata. Na ce wa Nura ko zai bar wannan a gida don tarihi ya yi haya a can, ya ce ai tarihin shi ne a hau. Na ce jirgi ba zai ɗauka ba, ashe ya riga ya biya kuɗin kaya. Na ce wa matata ko dai a sake duba maganar tafiyar, muka yi faɗa sosai, ta ce ni na sa Hajiya ta yarda, yanzu da yaro ya gama sa rai zan janye, wai ko kyautar ce nake da-na-sani. Ta kwana ba ta yi min magana ba, ni kuwa na gode Allah da zargin ya tsaya a rowa. Matata ba ta ɓoye wa mahaifiyarta komai, abin da ta ji da hantsi Hajiya za ta ji kafin azahar. Idan Hajiya ta ji cewa kayan aikin da na rantse a kai kayan adon gidan shayi ne, tafiya ta mutu, kuma ba wannan kaɗai ba, duk wata da za ta biyo baya, yaro zai biya laifin da ba nasa ba. Ni kuma ban san da wace fuska zan sake gaishe ta ba.

Kada wani ya ce in bar shi ya tafi da shi, lalacewata ba ta kai can ba. Idan ya tafi da shi ɗayan biyu ne, ko abokansa su gane wurin ɗaura takalmi ya ji kunya a gaban baƙi, ko kuma kada su gane. Wannan allon ba zai hau jirgi ba in ina numfashi. Abin da na rasa shi ne yadda zan yi. Zuciya ɗaya tana ce min in bar shi ya zame daga bene ya tsage, in yi salati, in kawo na shagon a matsayin diyya, kowa ya ce Malam ya yi ƙoƙari, Hajiya ta ƙara min albarkar da ban ci ba. Amma Nura ya karanta injiniya, idan ya ga cikin katakon zai gane, sai dai in jefar da gutsattsarin, in ƙara ƙarya a kan ƙarya, kuma an ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Ɗaya zuciyar tana ce min in kira shi mu biyu in gaya masa, in roƙe shi ya rufa min asiri, amma wannan na nufin na sa yaro ya ɓoye wa uwarsa da yayarsa magana don kare girman wani ƙato. Ta uku, wadda ba na so in saurara, tana cewa wadda ta ba ka amanar ita za ka fara kira.

Mako mai zuwa za su tashi, jibi Nura zai zo ɗaukar allon. Ɗazu ya turo min hoton dutsen, fari fat har sama, ya rubuta a ƙasa, “Yaya, na ce wa abokaina kada su damu da duba min allo, mutumin da ya zaɓa ba a taɓa cutar sa a Guangzhou ba.” Gaskiya ya faɗa, babu wanda ya cuce ni, laoban abin da na nuna masa ya yi.

To jama'a, in karya shi in yi shiru, ko in gaya wa Nura shi kaɗai, ko in ɗauki waya in durƙusa wa Hajiya ko da tafiyar za ta rushe? Masu surukai, da ku nake, idan ku ne, wa za ku fara kira, kuma da wace kalma za ku buɗe baki?