Numfashin Babanku

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya ke da maigidanki, kuma laulayin ya yi sauƙi. Takarda na zaɓa saboda da na ɗauki waya Babanku ke kasa kunne.

Jikinsa dai ga shi nan. Tun hatsarin bas ɗin da yake tuƙawa bayansa ya riƙe, ko takalmi ni ke sa masa, salla ma a kujera yake yi. Amma shirun ya fi damuna. Mutumin da ke cika gida da labarin fasinjoji, yanzu sai ya wuni yana kallon bango, cokali ya faɗi ya zabura. Sunan kwandastansa da ya rasu a hatsarin kuwa ba a ambatonsa a gidan nan.

Likitar gashin ƙashi ta asibitin bakin layinmu ta sa shi cikin masu wani motsa jiki wai shi yoga. Ya ce shi da furfurarsa ba zai je yana lanƙwasa kamar mage ba. Sai da ya tambayi liman, ya ce masa miƙa jiki da jan numfashi ba laifi, sannan ya biyo ni yana ƙunƙuni. Ki sa shi a addu'a.

Ummanki.

Autata,

Ina gaishe ki, ya ƙarfin jiki? Allah Ya raba lafiya.

Yarinya, na ga ikon Allah. Ɗaki ne kawai da fanka da tabarmin roba, ba allura, ba ƙwaya. Akwai wani mai walda, da wata malamar makaranta mai ciwon wuya, sai mu. Eh, har da ni, kada ki yi dariya. Likitar takan ce mu ja iska a hankali har ciki ya cika, mu sake ta a hankali. Wai ni da na haifi 'ya'ya na aurar, sai yanzu ake koya min numfashi! Farko Babanku ko gwiwa hannunsa ba ya kaiwa. Sati ya bi sati, ya kai ƙauri. Barcinsa ya dawo, har da munsharin da na daɗe ina kewa.

Ranar Talata da la'asar na shigo da tsintsiya, sai na ga kujerar sallarsa a jingine, shi kuma goshinsa a ƙasa. Ya daɗe a sujadar nan, kafaɗunsa na rawa. Na tsaya kamar an dasa ni. Da ya sallame ya dube ni, ido jajir, ya ce, "Ashe haka ƙasa take da sanyi." Daga nan ya kira sunan kwandastan, ya ba ni labarin ranar hatsarin daga farko har ƙarshe. Muka yi kuka tare.

Ki gaida maigidanki.

Ummanki.

Autata,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki ya iso, mun ji watan haihuwa ya kama.

Kin san tun abin nan ko hanyar tasha ba ya bi. Jiya ya ce in sa mayafi, za mu je gaida mahaifiyar kwandastan, kuma a bas. Da direba ya tada mota na ga gumi ya karyo masa. Na buɗe baki zan ce a sauke mu, ya girgiza min kai. Ya lumshe ido, ya ja numfashi, ya saki, ya sake ja. Ina kallo fargabarsa ta lafa kamar an yayyafa wa ƙura ruwa. Kafin mu isa har ya fara yi wa direban faɗan yawan taka birki.

Tsohuwar ta riƙe hannunsa, ta ce ta daɗe tana jiran zuwansa.

Ki share mana ɗaki. Ya ce shi da kansa zai yi wa jikansa huɗuba.

Taki har kullum,
Ummanki.