Wasiyyar da mahaifinsa bai bari ba

Assalamu alaikum. Ni tsohuwa ce, ban iya rubutu ba, da murya na aiko wa mai shafin nan ya rubuta, ya ɓoye sunana. Ku ji ni har ƙarshe kafin ku yi mini hukunci, don Allah.

Ina da ɗa, shi ne na fari, bakina ba ya kama sunansa. Manomi ne, a ƙauyenmu can bayan Ungogo, 'ya'yansa shida. Abin ya fara ne da hula, ta daina shiga kansa. Sai takalmi, har sai da baduku ya riƙa yanka masa nasa daban. Hannu ya yi faɗi kamar faranti, haɓa ta turo gaba, haƙora suka rabu, murya ta koma kamar daga cikin rijiya. Mutane suka ce ƙoshi ne, wasu suka ce iska. Da ciwon kai ya hana shi sunkuyawa a gona, ƙaninsa ya kai shi babban asibiti a birni. Aka yi hoton kai, likita ya ce wani ƙari ne ya fito a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, shi ke sa jikin girma, kuma ta hanci za a bi a ciro shi. Aka sa rana.

Ta hanci, jama'a, har cikin kai? Ni da mijina, mahaifinsa, ya shiga ɗakin tiyata da ƙafarsa aka fito mini da shi a lulluɓe? Na roƙe shi ya fasa, ya ce Inna ki yi addu'a kawai. Ranar da na ga matarsa tana wanke kayan tafiya, na kira shi ɗakina. Na ce mahaifinka ya bar wasiyya, kada ƙarfe ya taɓa kan ɗansa. Wallahi Malam, mijin nawa, bai taɓa faɗa ba, ni na ƙaga. Ya ce shi ke nan, an fasa.

Damina biyu ke nan. Yanzu gefen idanunsa ya rufe, sai abin da ke gabansa tsaf yake gani. Yana karo da bakin ƙofa. Bana a noman farko ya sassare geron da ke gefensa bai sani ba, 'yarsa ƙarama ta miƙo masa ruwa ta dama bai gan ta ba. Ƙaninsa ya koma wurin likita, aka ce ƙarin ne ke danne jijiyar ido, in an yi aikin yanzu ana sa ran ceto abin da ya rage, in an daɗe sai dai haƙuri. Limaminmu ma ya gaya masa irin wannan wasiyya ba ta hana neman magani. Ya ƙi. Na ce masa je ka, na yarda. Ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya don ya gan ni, ya ce, "Inna, ke kin janye taki. Ta Baba fa, wa zai je ya tambayo shi?"

Sau uku na yi niyyar gaya masa gaskiya, na fasa. Yaya zan ce masa na yi wa mamaci ƙarya, kuma da ita na ci rabin ganinsa? A gaban surukata da jikokina? In na yi shiru ya makance. In na faɗa ya shiga ɗakin tiyatan nan bai fito ba, ni na tura shi. Jiya ya tambaye ni da waɗanne kalmomi mahaifinsa ya faɗi wasiyyar, yana so ya riƙe su. Me zan yi?