Motar Baba Ta Mutu a Kan Layin Dogo

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a garejinka. Mu nan alhamdu lillahi. Auta ta gama jarrabawa, Baban yara ciwon bayansa ya yi sauƙi, Inna kuma tana lallaɓawa, har yanzu sau biyu a mako nake kai ta wankin ƙoda da sassafe.

Yaya, maganar tsohuwar motar marigayi Baba ce ta sa na ɗauki biro. Tun da sanyi ya shigo ta canza hali. Da safe sai na yi ta murza makulli kafin ta tashi, in ta tashi kuma ta riƙa kakkarwa, salansa na tari. Muddin ƙafata na kan totur lafiya lau, amma da na ɗaga sai ƙarar ta yi ƙasa-ƙasa ta mutu. Rana na ɗagawa ta koma kamar ba ita ba. Baban yara ya ce halinsa ta ɗauko, ba ta son tashin safe. Dariya na yi, ban kai ta gyara ba.

Ranar Talata mun makara, ban jira injin ya yi zafi ba. Muna cikin tsallake layin dogo sai babbar motar da ke gabana ta taka birki, ni ma na taka, ashe a kan ƙarfen jirgi na tsaya cif. Nan take ta mutu. Na murza makulli sau uku, shiru. Sai ƙararrawar zuwan jirgi ta fara kaɗawa. Ka san Inna ba ta iya fitowa sai an ɗaga ta, ga ta a kujerar baya cikin bargo tana tambayata lafiya. Mai gadin wurin ya taho a guje da jar tuta, yana daka min tsawa in cire giya. Wallahi, Yaya, shekara tara ina tuƙi, amma na rasa inda giya take, sai shi ya zura hannu ta taga ya cire. Shi da direban babbar motar da wata mai sayar da lemo suka tura mu. Ba mu yi nisan tabarma biyu ba jirgin ya wuce, iskarsa na jijjiga motar.

Inna ta ce ai likita ya riga ya gaya mata abin da zai kashe ta, bai ambaci jirgi ba. Amma da na koma gida na ga shatin farcenta a kafaɗata.

Makaniken bakin kasuwa ya canza fulogi, ya wanke kafireto, sannan ya gano wani ɗan siririn tiyo da ya tsage. Ya ce sanyi ke busar da shi, tsagar ta buɗe, injin ya shaƙi iska fiye da kima. Ya sa sabo, ya ce in kwantar da hankalina. Kwana biyu lafiya, amma jiya a bakin ƙofa ta sake yin kakkarwa sau ɗaya. Tun ranar Talatar nan ta gada nake zagayawa, tafiyar ta ƙaru da awa guda, Inna na isa asibiti a galabaice.

Kai ka san injin nan ciki da waje. Ka gaya min me kuma ya kamata a duba, cok ɗin kafireto ne ko batir. In ka ce a ajiye ta, zan ajiye, ko da Inna za ta yi kuka don motar Baba ce.

Ka gaishe min da Anti, da 'yan biyu, da takwarar Inna. Kawu da Goggo suna gaishe ka. Inna ta sa na yi mata alkawarin ba zan faɗa maka ba, wai kada hankalinka ya tashi. Don Allah in ka kira ta, ka bar ta ta ce maka komai lafiya.

Taka ƙanwa mai jiran amsarka,
Maman Auta